Motar da ke Mutuwa Daƙiƙa Guda

Duk wanda ya taɓa zama garaji ya san akwai lalacewa iri biyu. Akwai ta mutunci, wadda mota za ta mutu ta kwanta, ka zo da kayan aikinka ka same ta nan inda take. Akwai kuma ta wulaƙanci, mai zuwa ta tahi, wadda in ka buɗe gaban mota sai ta yi lum kamar ba ita ba. Ta biyun nan ce ta kama motar yayana, kuma ni da nike Maraɗi, shi yana Amurka, muka kwashe kusan wata biyu muna farautarta ta waya.

Yayana yana Girinsboro, a jihar Karolaina ta Arewa, garin da ƴan Nijar ke da yawa. Gyaran mota yake yi, ƙarshen mako kuma yana shiga tseren da suke kira darag. Kada ku ɗauka irin gudun da samarinmu ke yi bisa titi ranar ɗaurin aure ne. Fili ne na musamman, hanya miƙaƙƙa, mota biyu su jeru, fitila ta ba da kore, su tashi. Tsawon da aka sani mita 402 ne, amma a yankinsu an fi yin rabin haka, mita 201. Ƙungiyar da ke tsara dokokin wasan, NHRA, Wally Parks ya kafa ta a 1951, kuma babban dalilinshi shi ne a janye matasa daga tsere bisa titunan gari. Duka tseren bai kai daƙiƙa goma ba. To, a cikin ƴan daƙiƙun nan, motar yayana, tsohuwar Mustang ta 1990 da ya sake wa ciki da hannunshi, sai ta tashi da ƙarfi, ta ɗan gusa, wuta ta ɗauke ɗif kamar daƙiƙa guda, sannan ta dawo da tari. Ba kullum ba. Cikin tashi biyar ta yi sau biyu. A gari kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa yi ba.

Kafin ya gaya mini, ya riga ya canza alternata, ya canza bobin, ya canza famfon isansi. Kuɗɗin sun haura jika ɗari uku in aka juya su sefa. Inna ba ta san adadin ba, amma ta san watan nan abin da ya aiko ya ragu, kuma ni ne nike ganin fuskarta. Ban da kuɗɗi akwai rai. Motar da ta mutu tana cikin gudu sannan ta farka a firgice tana iya fizge ƙafafun baya ta nufi bango, ko ta nufi abokin tsere.

Ni ɗalibin lantarki ne, da hutu kuma ina zama wurin wani dattijo mai gyaran wutar mota. Da na kai mishi labarin, bai ce a canza komi ba. Tambaya guda ya yi: lokacin da ta ɗauke, injin kaɗai ke mutuwa, ko har fitilun gaban direba? Na tambayi yaya. Ya ce duka, har allurai suna faɗuwa ƙasa su sake tashi. Maigida ya ce, to, a bar buji da famfo su huta. Famfo in ya tsaya, injin zai shaƙe amma fitilu na nan. Abin da ke kashe gida duka yana can wajen babbar waya.

Nan ne sai da na fahimci yadda ake haɗa motar tsere. Masu wanga wasa suna cire batir daga gaba su maida shi but ɗin baya, don nauyi ya danne ƙafafun da ke tura mota. Doka kuma ta ce duk wanda ya yi haka sai ya sa babban makunni a bayan mota, inda ma'aikatan fili za su iya kashe wutar daga waje in an yi haɗari. Kuma makunnin dole ya kashe injin da ke aiki. Don haka ake jan wayar alternata har baya, a haɗa ta ɓangaren batir, in ba haka ba alternata za ta ci gaba da ciyar da injin ko an kashe makunni. Ku duba abin da wannan ke nufi. Batir da alternata duka suna gefe guda, sauran motar tana ɗaya gefen, tsakaninsu makunni ɗaya da waya ɗaya mai kauri, mita huɗu ko biyar. Rijiya biyu, guga ɗaya. In da kan batir ne ya saki, alternata za ta riƙe motar. Tunda komi ke mutuwa tare, wurin neman ya rage ƙwarai.

Na ce, Yaya, ka auna makunnin da wayar. Ya ce ya auna tuni, na'ura ta nuna kusan sifili, lafiya lau. Wallahi a nan ne karatun aji ya yi mini rana. Na'urar awo in tana auna turjiya, wuta ƴar kaɗan take turawa, wadda ko silin waya biyu za su ɗauka ba su ji ba. Sitata kuwa tana jan amfiya sama da 100. Dokar Ohm da muke haddacewa don jarrabawa ta ce turjiyar da ba ta wuce ohm 0,01 ba, in amfiya 100 suka bi ta kanta, volt guda ya ɓace, kuma wurin na fidda zafin wat 100. Mahaɗin da ya ci jarrabawa a zaune yana iya faɗuwa in aka ɗora mishi kaya. Don haka na roƙe shi ya aza bakin na'urar guda kafin kowane mahaɗi, guda bayanshi, wani kuma ya murza makulli. Mahaɗi mai kyau ba ya cin fiye da volt 0,2 ko kusa da haka.

Ya yi. Makunnin kanshi bai ci komi ba. Bakin wayar da ke fita daga makunnin ya ci fiye da rabin volt, kuma da ya taɓa shi ya ji ɗumi. Alama ce, amma rabin volt ba ya kashe mota ɗif, kuma yaya ya gaji da zato.

Dabarar da ta gama maganar ta Maigida ce, kuma ba ta kai kuɗɗin shayi ba. Ya ce a samo ƙananan ƙwai biyu na fitila. Ɗaya a jawo mishi wuta daga ƙusar makunnin ta fita, ɗaya daga can gaba inda babbar wayar ta ƙare. A manna su kusa da juna, a ɗaure salula tana ɗaukarsu, a shiga fili. Ya ce, tunda ɓarawon ba ya zuwa sai ana gudu, a sa mai gadi ya yi gudu tare da shi.

Daren da aka gwada, ƙarfe takwas can, ƙarfe ɗaya na dare nan. Ina kwance bisa tabarma a tsakar gida ina jiran saƙo, sauro na aikinsu. Tashi na farko ba abin da ya faru. Na biyu ma haka. A na ukku, hoton ya nuna ƙwai na farko yana nan da haskenshi, na biyu ya mutu ya dawo.

Da ya yanke robar da ta rufe bakin wayar, sai ga silin tagulla sun yi baƙi, fiye da rabi sun kakkarye. Da guduma aka daddale bakin lokacin haɗawa, wayar kuma ba a ɗaure ta da jikin mota ba. Waya mai kaurin yatsa tana da nauyi. A gari tana kwance abinta. A fili, in mota ta zabura, sai ta ja baya ta lanƙwasa bakin, hulɗa ta yanke, fizgar ta lafa, ta koma mazauninta. Mu nan mun san ƙanwar wannan cuta. Hanyar jan ƙasa mai ƙunya-ƙunya ita ke yi mana aikin fizgar, maganinmu kuma a buga ƙusa a kan batir a ci gaba da tahiya, abin da ni dai nike ganin ajiye wuta ne a ƙarƙashin kujera.

Ya yanke wurin da ya ƙone, ya sa sabon baki da matsi na gaske, ya rufe da roba mai kama jiki, ya bi wayar da maɗauri duk bayan taku ɗaya. Na matsa mishi ya ƙara babban fis kusa da batir bisa wayar alternata, don wannan wayar tana da wuta ko an kashe makunni, in ta goge da ƙarfe ba abin da zai tsaida ta. Kayan duka ba su kai dala talatin ba. Asabar biyu da suka biyo ya tashi sau tara, ba ta ɗauke ba. Tsohuwar alternata da tsohon famfon, da yake lafiyarsu ƙalau, ya saida su, kuɗɗin suka iso hannun Inna kafin Sallah.