Layi Ɗaya a Tabotaki

Daga Kano na bi ta Maraɗi zuwa Madawa, na yi arewa ta Buza, na isa yankin Tabotaki a ƙarshen damina, lokacin da masassara ke kwantar da yara gida-gida. Nan asibiti ake kira likita, ma'aikacin jinya kuma majo. Sai da na kwana biyu kunnena ya saba.

A wata ƙaramar likita ta ƙauye na zauna ina kallon majo yana aiki da TDR, ɗan farin abin awon jini da bai fi tsawon yatsa ba. Ya soki yatsan yaro, ya ɗiga jini, ya ƙara ruwan awo, a jira kamar minti 15. Layi biyu, zazzaɓin cizon sauro ne, a ba da magani, kowa ya tafi da kwanciyar hankali.

Rigimar tana ga layi ɗaya.

"Majo, taɓa jikinsa ka ji, kamar garwashi! Ka ce ba masassara ba?"

"Ki yi haƙuri, uwar yaro. Bari in saurari ƙirjinsa."

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a auna kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro. Masu jari sun ji, sun hango kasuwar miliyoyin awo: a 2017 kamfanin Abbott ya sayi Alere, mai abin awon SD Bioline, kan sama da dala biliyan 5. Sai dai mai sayen kayan ba majo ba ne, ba kuma uwar yaro ba, tunda Nijar ta ɗauke kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 tun 2006. Masu biya su ne irin su Global Fund da shirin PMI na Amurka. Da Amurka ta tsuke bakin aljihu a 2025, lissafin 'yan kasuwa ya girgiza.

A ganina lissafin nasu ya tsaya a kwali nawa aka sauke. Bai kai ga majon da ya san in ya sallami matar nan hannu wofi, kanti za ta nufa ta sayi ƙwaya da kanta, gobe kuma ta ce bai iya aiki ba.

Wannan majon dai ya daure. Ya ƙirga numfashin yaron, ya ce ciwon huhu ne, ya ba da amosisilin. Matar ta karɓa, ta goya ɗanta, amma har ta fita tana waiwayen abin awon da ke kan tebur.