Ciniki Daban, Riba Daban

Yau kan kaina zan yi tsegumi, ko wata ta tsira daga ramin da na faɗa.

A farkon shekarar 2023 na kwashi adashina na fito da sabon kaya: garin kunun aya da dabino a leda, uwargida ta jiƙa ta tace kawai. Aya da dabino daga Konni ake kawo mini, tunda mu nan Illela da Nijar taki kaɗan ne. Nan da nan gari ya ɗauka. Ranar Lahadi ta kasuwa, kafin la'asar tire ya koma wayam. Ni kuwa sai ɗinki da gudummawar biki, wai ina cin riba.

Ashe uwar kuɗi nake ci. A watan Yuni naira ta faɗi, sefa ta yi tsada. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka. Da na tashi sake saro kaya, kuɗin hannuna ko rabin buhu ba su kai ba.

Na je wa Goggo da kuka, ita da ta tsufa kan tuyar ƙuliƙuli. Ta ce, "Ke ɗiyata, kin sa kuɗin niƙa? Na leda fa? Ladan 'yar talla? Wahalarki fa, kyauta ce?" Wallahi ko ɗaya ban sa ba. Ta ce riba ita ce abin da ya rage bayan kaya sun koma mazauninsu.

Kafin Nijeriya ta buɗe iyaka a Maris 2024, na sayi littafin lissafi. Yanzu kafin in taɓa sabon kaya, da mudu 2 nake gwadawa. In rubuta kowace kashewa, in raba da yawan leda, in san leda nawa zan sayar kafin jarina ya dawo. Farashi kuwa da tsadar sarin gobe nake yanka shi, ba da arahar jiya ba. Gwangwanin jari daban, na cefane daban.

'Yar uwa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Riƙi biro kafin ki riƙi muciya. Allah Ya sa albarka a nemanmu, amin.