Ƙura da Baƙin Mai: Jan Kunne ga Masu Babur

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana malamai da akawuna waɗanda babur ne dokinsu.

Mu a nan Ɗanbatta babur ya wuce abin ado. Shi ke kai malami makarantar ƙauye, shi ke ɗauko buhun gero daga gona, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Ran Lahadi kuwa, ranar kasuwarmu, sai ka ga an ɗauro masa awaki biyu da mutum a bisa. Ni kaina ina da Boxer, na kamfanin Bajaj na ƙasar Indiya, shekara tara ke nan ina hawansa zuwa aiki, har yau ba a buɗe injinsa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, tun da Gwamnati ta janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023, lita da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 cikin 2024. To, da aljihu ya matse, sai jama'a suka shiga tsimi ta inda bai kamata ba, watau wajen baƙin mai. Wani sai ya yi wata uku bai juye ba, in ya ragu ya ƙara a kan tsohon. Wani kuma ya sayi na awo a gefen titi don araha, yana yi wa rogo kallon kitse. Maƙwabcina haka ya yi, sai injin ya buga masa a hanyar Kazaure. Kuɗin fistin da ringi da ladan bakanike sun cinye masa abin da zai isa juyen mai na shekara guda, ga mako biyu yana biyan kuɗin mota.

Ku sani, injin irin waɗannan babura iska kaɗai ke sanyaya shi, man da ke cikinsa kuwa wajen lita guda ne tak, shi ke wanke ƙarfe, shi ke hana gogayya, shi ke jiƙa kuloci. Kowace safiya kafin ka tayar, ka tsai da babur daidai, ka zare ma'aunin ka duba. Ka murza man tsakanin yatsu biyu. In ka ji ya tsinke kamar ruwa, ko ka ji tsakuwa-tsakuwa, lokacin juyi ya yi. A juye shi kuma injin na da ɗumi, don dattin ya biyo shi.

Babban abokin gāba a ƙasarmu ƙura ce, tun ba lokacin hunturu ba. Akwai soso cikin akwati a ƙarƙashin kujera, shi ke tace iska kafin ta shiga kafireta. In ya toshe, babur ya riƙa shan mai kamar raƙumi a bakin rijiya, ƙarfinsa ya ragu, salansa ta yi baƙin hayaƙi. Mai tsimin fetur, nan ya kamata ya fara. A wanke shi da kananzir, a matse, ya bushe, a ɗan shafa masa mai, a mayar. Amma fa kada ka yarda da bakaniken da zai ce a cire shi ɗungum don babur ya yi gudu, domin yashin da ya shiga zai cinye ringi kamar zarto.

Haka nan murfin sarƙa. Samarinmu suna ɓalle shi, su ɓalle madubi, wai gayu. Sarƙa tsirara cikin rairayi ba ta daɗewa. A bar mata murfinta, a riƙa ɗiga mata mai, kada kuma a ɗaure ta tamau, a bar ta tana motsi kamar faɗin yatsu biyu.

In babur ya mutu maka a daji, kada ka yi ta buga kik har gumi ya jiƙa maka riga. Duba makunnin mai tukuna, sa'an nan ka kwance fulogi. In bakinsa ruwan ƙasa ne, lafiya lau. In ya yi baƙi ƙirin a bushe, iska ce ba ta isa. In ya jiƙe da baƙin mai, ringi ya gaji, sai bakanike. Ka goge shi, ka jona wayarsa, ka jingina shi jikin injin, ka buga kik. In ba ka ga tartsatsi ba, sa sabo. Don haka ne ba na fita sai da fulogi guda da sufanarsa a ƙarƙashin kujera.

Wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta,
Ɗanbatta.