Hunkuyi a Cikin Hunturu

Daga Zariya muka bi ta Basawa da sassafe, hazo ya lulluɓe gonaki, direba sai da ya kunna fitila. Kafin mu isa Hunkuyi leɓɓana sun tsage. Garin shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, ƙasar rake da tumatir, yanzu har da inabi. Na sayi rake a bakin tasha, na manta ban tambayi kuɗinsa ba sai da aka fere.

Jikan Gwaggo ne ya kai ni. Shekararsa 6, an ba shi ranar tiyatar muƙamuƙi a Asibitin Koyarwa na Shika. Na tarar da shi a tsakar gida da tsumma a hanci, an ɗaga masa kai sama.

"Ke 'yar nan," in ji Gwaggo, "wai ta hanci za su zura masa roba. Yaron da iska kaɗai ke sa shi haɓo?"

Tsoronta yana kan hanya. In aikin a cikin baki ne, likitan sa barci kan bi da bututun numfashi ta hanci don bakin ya zama fili. Fatar cikin hanci kuwa siririya ce, cike da ƙananan jijiyoyin jini, ga yara da tsokar bayan hanci mai yawan kumbura. Shi ya sa ake ɗiga magani mai tsuke jijiyoyin, a zaɓi ƙofar hancin da ta fi buɗewa da bututu daidai yaron, a tsoma bakinsa a ruwan ɗumi ya yi laushi, a shafa masa mai santsi. Ni dai ruwan ɗumin nan ya fi burge ni: ba ya cin ko kwabo.

Na sunkuyar da kan yaron gaba, na matse wuri mai taushi na hancin minti 10 ba sakewa. Ɗaga kai jinin yake turawa maƙogwaro.

"Gwaggo, da aka yi masa kaciya, jinin ya daɗe bai tsaya ba?"

Ta yi shiru. "Har washegari. Kawunsa ma haka, wanzami ya sha wahala."

Gabana ya faɗi. Wannan maganar ce likita ya fi bukatar ji, kuma ba wanda ya faɗa masa, don a gida ba a ɗauke ta ciwo ba. Irin wannan sai an gwada jini kafin a taɓa yaro. Na rubuta a bayan katinsa, na ƙara da mura da duk maganin da yake sha. Asfirin kam, na ce kada a ba shi.

Da la'asar Gwaggo ta rako ni tasha da mazarƙwaila a leda, katin yana ƙulle a bakin zanenta. Ranar Litinin za mu haɗu a Shika.