Jaka ta Uku: Abin da Kayan Nutso Suka Ja Mini a Hanyar Dahab

Uwargida, idan kin taɓa zuwa Umra, ko kin raka Hajiya ranar awo, kin san yadda gaba ke faɗuwa lokacin da aka ɗora jaka a kan sikeli, lambobin nan ja suna hawa. Ni da nake auna jarirai kusan kullum a wurin aiki, na ɗauka ni da sikeli mun saba. A filin jirgin Alƙahira na gane da sauran karatu.

Bari in fara gaya miki yadda aka yi 'yar Kano, uwar yara biyu, ta mallaki kayan nutso a teku, don na san tambayar da ke ranki ke nan. Na yi aikin jinya shekara uku a Jidda. A can wata abokiyar aikina 'yar Filifin ta dinga jana bakin Bahar Maliya ranakun hutu, har na koyi iyo, daga baya na yi kwas ɗin nutso na farko, wanda ke bai wa mutum izinin sauka zurfin mita 18. Sannu a hankali na sayi kayana. Da na dawo gida suka shiga ƙarƙashin gado, suka yi ta shan ƙurar hunturu. Duk lokacin da na jawo akwatin zan yi shara, sai Abban Hanifa ya ce, "Maman Hanifa, ko dai Tiga za mu kai ki?"

Da na kwashi adashe, shi ma ya samu hutu, sai muka yanke shawarar zuwa Masar. Yara muka bar wa Inna. Ya ce shi masallatai da dala zai gani, ni kuma na ce a bar mini kwana biyar a Dahab.

Ga inda na yi wauta. Tikitin Kano zuwa Alƙahira ya ba kowannenmu jaka biyu, kowacce kada ta wuce kilo 23. Na Alƙahira zuwa Sharm el-Sheikh kuwa, wanda tafiyarsa kamar awa ɗaya ce, daban na saye shi a waya, cikin dare ina bakin aiki, don na ga ya fi araha. Ban karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa ba. Jaka ɗaya ya ba kowa. Da a ce tikiti ɗaya na yanka tun daga Kano har ƙarshen tafiya, yawanci ƙa'idar babbar tafiyar ce ke bin mutum har ƙaramin jirgi. Da na raba su, kowane ya tsaya da tasa dokar.

Jakunkunanmu uku ne. Tawa ta sutura kilo 21, har da kilishi da yaji da garin kunu, don ban yarda da abincin baƙon wuri ba. Tasa kilo 18. Ta kayan nutso 23 cif, wadda na yi ta alfahari da yadda na shirya ta.

Matashin da ke kan kanta ya duba kwamfuta, ya dube mu, ya ce ta ukun sai an biya. Ya faɗi kuɗin, na juya su zuwa naira a kaina, sai na ji ƙafafuna sun yi sanyi. Sun kusa alawus ɗin aikin dare na wata guda, kuma daga kuɗin tsarabar yara za su fito. Nan take na ja jakar gefe, na durƙusa a tsakiyar mutane, na zuge ta. Na zaro ɗamarar dalma mai kilo 6, wadda mai nutso ke ɗaurawa a ƙugu don ruwa ya daina tura shi sama, na miƙa wa wani mai turin kaya na ce ya yi yadda ya ga dama da ita. Na dawo kanta da ƙarfin gwiwa. Matashin ya yi murmushi ya ce, "Madam, ba kilo nake ƙirgawa ba, jaka nake ƙirgawa."

Ki riƙe wannan, don zai yi miki amfani ko da atamfa ce za ki ɗauko daga Dubai. Kamfanonin jirage tsari biyu suke bi. Wasu nauyi suke dubawa: a ba ki jimillar kilo kaza, ki raba a jaka nawa kika so, abin da ya haura ki biya kilo-kilo. Wasu kuma adadin jaka suke dubawa: kowacce da iyakar nauyinta, kuma jakar da ta ƙaru tana da kuɗinta guda, ko auduga ce a ciki. A tsari na biyun, tara iri biyu ce ke jiran mutum, ta ƙarin jaka da ta jakar da ta zarce kilo 23. Wadda ta wuce kilo 32 kuwa, galibi ba za a karɓa ba ko kin ce za ki biya, saboda bayan ma'aikatan da ke ɗaga ta. Wannan dokar ni ba na jayayya da ita. Na ga abin da ɗaga majiyyata ya yi wa bayan abokan aikina.

Muka biya. Abban Hanifa bai ce uffan ba, ya ciro kati ya miƙa. Da ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Har jirgi ya tashi shiru, sai da muka hango duwatsun Sinai ta taga ya ce, "To, Allah ya sa kifayen su san abin da aka kashe a kansu."

Daga Sharm el-Sheikh zuwa Dahab tafiyar mota ce ta awa ɗaya da 'yan kai, tsakanin duwatsu jajaye da babu ko ciyawa a jikinsu. Kwatsam sai hanya ta gangara, ruwa ya bayyana, shuɗi kamar an juye baba a marina. Sunan garin da Larabci zinari yake nufi. Asalinsa ƙauyen Badawiyyai ne masu kamun kifi, har yau za ki ga akuyoyi na yawo a lungu, yara mata na tallan abin hannu na zare da duwatsu. Yana bakin mashigin Aƙaba, kuma da yamma idan rana ta yi sanyi, duwatsun Saudiyya na bayyana a ɗaya tsallaken, kamar ki miƙa hannu. Na tsaya ina kallonsu, na tuna shekaruna uku a waccan ƙasa, har ƙwalla ta zo mini.

Abin da ya bambanta Dahab da sauran wuraren nutso shi ne ba sai kin hau jirgin ruwa ba. Daga bakin gaɓa ake shiga da ƙafa. A wurin da suke kira Lighthouse, kina iya barin shayinki a kan tebur, ki taka 'yan taku, ki tsinci kanki a kan dutsen murjani. Mu da muka san murjani a wuyan amare, ba mu cika sanin cewa halitta ce mai rai ba, ƙananan dabbobi ne ke gina shi shekara da shekaru, shi ya sa aka hana taɓawa ko ɓallowa. A ƙasa babu abin da kike ji sai numfashinki. Ƙananan kifaye ruwan lemo, ɗaruruwa, suna tashi suna sauka a kan murjanin kamar tartsatsin wuta. Uwar da ta shekara bakwai ba ta shiga banɗaki ba tare da an buga mata ƙofa ba, ita za ta san darajar minti arba'in na irin wannan shirun.

Game da sutura, don na san za a tambaya: rigar roba ta nutso tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, akwai hular da ke rufe kai, ni kuma ina ɗora doguwar riga a sama har sai na shiga ruwa. Na kuma nemi mace ta zama jagorata, aka samu.

A shagon da na yi rajista ne takaicin dalmata ya cika. A bakin ƙofa ga ta nan jibge a kwando kamar duwatsun murhu, kuma tana cikin kuɗin nutson, ita da silindar iska. Babu mai hankalin da ke ɗauko waɗannan biyun daga gida. Silinda ɗaya ta alminiyam, ko babu komai a ciki, ta kai wajen kilo 14, kuma ba a yarda ta hau jirgi sai an juye iskar an kwance kanta an bar bakin a buɗe. Falmaran mai iska, wanda ke daidaita mutum a cikin ruwa, kilo uku zuwa huɗu ne, takalman nan masu kama da ƙafar agwagwa kusan biyu, duk kuma ana ba da hayarsu. Na zauna na yi lissafi a bayan rasit: abin da na biya wa jaka ta uku, zuwa kaɗai, ya kusa isa hayar waɗannan na kwanakin da na yi.

Amma ba komai zan yi haya ba, a nan kam ma'aikaciyar jinya ce ke magana. Regileta, wato na'urar da ke rage ƙarfin iskar silinda ta kawo ta baki, tawa nake so, don na san ranar da aka duba lafiyarta, na kuma san bakin da ya taɓa ta. Haka tabaron ruwa, wanda idan bai dace da fuska ba ruwa zai yi ta shiga, da agogon nutso mai lissafa zurfi da lokaci. Ukun nan ba su fi kilo uku ba, kuma jakar hannu ce wurinsu, don idan babbar jaka ta ɓata, diyyar da kamfani ke biya tana da iyaka. Batirin tocila na lithiyam shi ma dole a hannu. Wuƙar nutso ce kawai dole ta shiga babbar jaka, in ba haka ba a ƙwace ta a wurin bincike.

Wani Bajamushe da muka yi nutso tare ya ƙara mini haushi: shi jakar kayansa kyauta ta zo. Akwai kamfanonin da ke ɗaukar kayan nutso a matsayin kayan wasanni, wasu su ba da ƙarin kilo, wasu su karɓi kuɗi kaɗan, da sharaɗin a sanar da su tun kafin ranar tafiya, wani lokaci a nuna katin shaidar kwas. Dokokin suna canzawa, don haka idan an yi miki alƙawari a waya, ki ce a turo a rubuce, ki ajiye hoton a wayarki.

Blue Hole, ramin nan da ya yi suna a arewacin garin, na je amma a sama na tsaya da tabarau da bututun numfashi. Zurfinsa ya haura mita ɗari, kuma a jikin dutsen da ke hanyar shiga an manna allunan tunawa da waɗanda suka mutu a ciki, da yawansu wajen neman ratsa wata kafa da ke zurfin da ya haura mita 50. Na karanta shekarun haihuwa a kan allunan, wasu ƙannena ne. Na tuna Hanifa da ƙaninta, ban ko yi sha'awar sauka ba.

Ranar ƙarshe ba a nutso, kuma wannan ya fi batun kuɗi muhimmanci. Duk mita goma da mutum ya sauka, matsin da ke kansa na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya guda, sai sinadarin naitirojin ya dinga narkewa a jini da tsoka. Yana buƙatar lokaci ya fita. A cikin jirgin sama matsin iska ya yi ƙasa, kamar mutum na kan dutse mai tsayin wajen mita 2,000, sai naitirojin ɗin ya taso da kumfa kamar an buɗe kwalbar lemo da aka girgiza. Ciwon gaɓoɓi, jiri, har shanyewar jiki. Ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ta ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 idan an jera kwanaki ana yi. Ni awa 24 na ba kaina. Saboda haka ne ma Abban Hanifa ya hau Dutsen Sinai shi kaɗai, don tsayinsa mita 2,285 ne, ga jikina daidai yake da hawa jirgi. Mai ciki kuwa ba ta nutso sam, mai asma ko ciwon zuciya sai da izinin likita.

Ranar da ya tafi dutsen, ni shanya na yi. Rigar roba da falmaran suna shan ruwa, jakar da ta zo da nauyinta daidai tana iya komawa ta haura idan an cusa kaya a jiƙe. Na wanke su da ruwan daɗi, na juye ruwan da ya maƙale a cikin falmaran, na rataye su a inuwa a kan soron masauki, iskar Dahab da ba ta gajiya ta yi sauran aikin. Kuɗin jaka ta uku na dawowa kuma a intanet na biya tun da kwana biyu, ya yi ƙasa da na kan kanta sosai.

Da dare na ari sikelin rataye a wurin mai masauki, irin wanda muke sagale jarirai a ciki ranar riga-kafi. Abban Hanifa na ɗagawa, ƙafafunsa na rawa saboda gajiyar dutse, ni ina karantawa. Jakar nutso ta tsaya a 17. Gurbin dalmar nan ta kilo 6 da na yi ta baƙin cikinta, dabino ne ya cike shi, da ganyen shayin Badawiyyai na Inna, da abin hannu na zare guda goma sha biyu da wata yarinya ta ƙi bari in wuce sai na saya.

A Sharm el-Sheikh aka ɗora ta a sikeli, lambobi suka hau, suka tsaya a 22.8. Abban Hanifa ya dube ni ya ce, "Ki ce masa ya ba mu canjin giram ɗari biyu."