Kwakwa Marar Kai a Hanyar Keta

Daga tashar Tudu da ke tsakiyar Accra muka tashi, bayan sallar asuba kaɗan, a wata ƙaramar bas da aka danƙare mu kamar goro a huhu. Jakar kyamarata tana kan cinya. Hotunan itatuwan bakin teku na fito ɗauka, kuma tun daga gida na riga na zana hoton a raina: kwakwa ta sunkuya kan farin yashi, shuɗin ruwa a bayanta, irin na jikin kalanda. Wani matashi ɗan unguwar Nima, wanda ya ji Hausa ya kuma ji yaren Ewe, shi ya yarda ya raka ni ya yi mini tafinta.

Muna wuce Tema sai ƙasa ta buɗe fetal. Na zaci kurmi zan gani, sai ga ciyawa gajera, ga suri, ga kuka tsaye ita kaɗai a fili ta zubar da ganye, kai ka ce hanyar Daura muke. Wannan yanki na gabashin gaɓar Gana ba ya samun ruwa kamar sauran kudu. Abin da ke sauka a Accra a shekara bai wuce milimita 800 ba galibi, wato kusa da na Kano. Shi ya sa kuka ta sami wurin zama har tana jiyo ƙugin teku. Darbejiya kuwa ko'ina ka waiga tana nan, bakin titi, ƙofar makaranta, gindin mai gyaran taya. Na daɗe ina kallonta ta taga, domin asalinta 'yar Indiya ce, kuma daga nan Gana aka ɗauki irinta aka kai Borno a 1928. Ashe inuwar da muka tashi muna karatun allo a ƙarƙashinta, ta wannan gaɓa ta biyo.

Mun haye kogin Volta a gadar Sogakope, muka karkata kudu. Daga Anloga hanya ta zama siririya, teku a dama, tafkin Keta a hagu, tsakaninsu ɗan zirin yashi da mutane suka mayar fadamar ƙananan albasa, kwami-kwami, kore shar. A garin Woe muka sauka, inda hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Cape St. Paul take.

Sunan wannan wuri na san shi tun kafin in zo, amma ba don fitilar ba. A nan yankin ne a 1932 aka fara ganin wata cuta da ke kashe kwakwa, har aka laƙaba mata sunan wurin. Wata ƙwayar cuta ce da ke zama cikin jijiyoyin da ke kai wa itacen abinci. Da farko 'ya'yan ne za su fara zubewa tun ba su nuna ba. Sai furen ya yi baƙi. Sai ganyen ƙasa ya yi ruwan ɗorawa, abin ya yi ta hawa sama, cikin 'yan watanni kan gaba ɗaya ya ruɓe ya faɗo. Abin da zai rage shi ne gangar jiki tsaye kamar falwayar wuta. Cutar ta cinye gonakin kwakwar Keta, ta ɓulla can yamma a Cape Three Points a 1964, kuma a Najeriya an san 'yar uwarta da sunan garin Awka. Har yau ba ta da magani, sai dai a sare wadda ta kamu, a dasa iri mai juriya, irin wanda masu bincike suka samu ta hanyar haɗa gajeriyar kwakwar Sri Lanka da doguwar Vanuatu.

Da yamma, a bayan gari, na ci karo da irin wannan gangar jiki guda biyu a tsakiyar masu rai. Ban yi saurin cewa cutar ce ta kashe su ba, don tsawa ma tana yi wa kwakwa haka, tsufa ma yana yi. Amma na kasa wucewa. Na kewaya su, na durƙusa na ɗaga kyamara sama, yadda jikin mai zobe-zobe zai miƙe ya ƙare a sarari, babu ganye ko ɗaya. Abokin tafiyata ya ce, "Baba, ga masu kyau can, me za ka yi da matacciya?" Na ce masa masu kyan ma zan ɗauka, amma hoton da babu wannan a ciki bai faɗi gaskiyar wurin ba. Wanda ya tashi a inda ake sare kuka ɗaya unguwa ta ji a jikinta, ya san itace ba ado ba ne. Kwakwa a nan ita ce man girki, ita ce shingen gida da ake saƙawa da ganyenta, ita ce tsintsiya, ita ce kuɗin makarantar yara.

Bakin teku yana da nasa hali da kyamara. Iska tana ɗauke da wata raɓa mai gishiri da ido ba ya gani, cikin rabin sa'a gilashin ya yi dishi-dishi, kuma in ka goge da gefen riga, yashin da ya manne zai karce shi. Sai an fara hure shi, sannan a shafa da tattausan ƙyalle. Rana tsaka kuwa ɓata lokaci ne, farin yashi yana mayar da haske har ganye ya fito baƙi ƙirin. Daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar sakaliya, nan ne haske ke zuwa ta gefe ya fito da kowane tsagi na ɓawo. Mun kuma yi sa'a lokacin hunturu ne, hazonmu na arewa ya sauko har teku, ya yi wa rana lulluɓi.

Kashegari muka nufi Anyanui, kusa da inda Volta ke shiga teku, kuma a nan tafiyar ta sami ma'anarta. Tun daga bakin ruwa ka ga itacen wuta jibge, ɗauri-ɗauri, ja kamar an shafa masa jan ƙasa. Itacen wata bishiya ce da ba mu da sunanta a Hausa, don a bakin teku take rayuwa, galibi inda ruwan daɗi ya gauraya da na gishiri. Turawa suna ce mata mangurob. Muka ɗauki kwalekwale muka kutsa cikin wani rafi da rassa suka rufe samansa.

Ruwa ya janye a lokacin, saboda haka saiwoyin duk suna waje. Ban taɓa ganin itace ya tsaya haka ba. Saiwar tana fitowa ne daga gangar jiki, sama da tsayin mutum, ta lanƙwaso ta caki laka, wata ta fito daga jikinta ta sake lanƙwasawa, har wurin ya zama kamar an kifa manyan kwanduna. Laka ce baƙa mai wari, babu iska a cikinta, don haka itacen ta waɗannan saiwoyi yake numfashi. Ƙananan ƙaguwa suna ta hawa da sauka a kansu. Can gaba inda ƙasa ta ɗan yi tauri, akwai wani iri dabam wanda saiwoyinsa ke tsirowa daga ƙasa tsaye, ɗaruruwa, kamar an kakkafa alƙaluma. Mai kwalekwalen ya tsinko ganyensa ya miƙo mini, ya nuna harshensa. Na lasa. Gishiri ne zalla, har ƙwayoyinsa suna ƙyalli a bayan ganyen. Itacen yana shan ruwan teku ne, ya fitar da gishirin ta ganye.

Ɗaukar hoto a cikin kwalekwale sai da haƙuri. Ko numfashi ka yi sai ya motsa, ƙarƙashin rassan kuma duhu ne. Na roƙi mutumin ya kafa gorarsa a laka ya riƙe mu, na jingina gwiwar hannu a bakin jirgin, na jira ruwa ya kwanta har saiwoyin suka fito biyu, na sama da na cikin ruwa.

Da muka fito fili sai ga wani wuri an sare shi ƙarƙaf, kututture kawai. Raina ya sosu, har na fara magana. Ta bakin tafinta mutumin ya ba ni amsa ba tare da ɗaga murya ba: da wannan itace mata ke bandar kifi, shi ke ba kifin launi da ƙamshin da masu saye ke so, kuma ba don shi ba da gidaje da yawa ba su ɗora tukunya ba. Maganarsa tana da tushe. Tun da aka gama madatsar Akosombo a kan kogin Volta a 1965, ambaliyar shekara-shekara da ke kawo kifi da taki ta tsaya, noma da su suka ja baya a ƙasan kogin, mutane suka koma ga gatari. Madatsar ta kuma tare yashin da kogi ke kai wa gaɓa, abin da ya ƙara wa teku ƙarfin cin ƙasa. A garin Keta na gani da idona: ganuwar Prinzenstein da mutanen Denmak suka gina a 1784, inda aka tsare bayi, teku ta cinye babban ɓangarenta, sai duwatsun da aka jibge daga baya ne ke tare ruwan.

Amma mutanen Anyanui ba sara kawai suke yi ba, suna shukawa, kamar yadda ake shuka gona a jira shekaru. Irin jan itacen tun yana kan uwarsa yake tsira, ya yi tsawo kamar kyandir, kore mai tsini, sannan ya faɗo. Mai kwalekwalen ya tsinci guda biyar da ke yawo a kan ruwa, ya sauka cikin laka har gwiwa, ya bi gefen wurin da aka sare yana soka su ɗaya bayan ɗaya, taku guda tsakani. Na ce wa yaron ya tambaye shi ko ya yarda in ɗauki hannunsa. Ya ɗaga kai ya yi murmushi, ya riƙe na biyar ɗin a bakin laka har sai da ya ji ƙarar kyamara, sannan ya danna shi ciki ya ce mu yi sauri, ruwa ya fara dawowa.