Su da Gora Cikin Hunturu

Kullum muna kukan sanyin ruwan alwala, sai ran Asabar da asuba muka gangara Kogin Wudil. Hazo ya rufe gada. Can muka hangi wani dattijo rub da ciki bisa gora, yana tuƙi da ƙafafu, koma a hannu.

Sai da hantsi ya fito, yana makyarkyata. Karfasa bakwai ke cikin goran, da tarwaɗa guda. Gama tun da aka datse ruwa a Tiga cikin 1974, ambaliyar da ke cika fadamu, inda kifi ke hayayyafa, ta ragu ƙwarai.

Muka ce, "Baba, nawa?" Da niyyar taya rabi muka zo, kamar yadda muka saba. Amma muka ga yatsunsa sun sandare, ya kasa kwance igiyar goran. Abin da ya faɗa, shi muka biya.